Duwatsun Iyakar Gonar Ciɗo

Wata Lahadi, kasuwar Tawa ta cika maƙil, wani saurayi mai farar taguwa da agogo a hannu ya tsaya gaban rumfar Ciɗo baduku, ya ƙura wa wata tsohuwar jakar fata ido. Ya daɗe a tsaye, har yarinyar da ke ɗinki a cikin rumfar ta ɗaga kai.

"Mushe, jakar ba ta cizo. Taɓa ta."

Haka ake kiran duk malamin lakwal, wato makarantar boko, a ƙasar, kuma ko makaho ya ji takun takalmin nan ya san na ma'aikaci ne.

Ya ce, "Fararen ƴaƴan wurin nan, irin na kuɗin da, da aka ɗinke a bakinta nake so. Za ki ɓalle mini kaɗan?"

Ta aje basilla ta dube shi sosai. "Boka kake ko ɗan bori? Ban taɓa ganin boka da agogo ba."

Ya yi dariya, kunnuwansa suka yi zafi. "Ɗalibai zan nuna wa. Kin san kowane ɗaya ɗakin wata ƴar dabba ne? A cikin teku take, kamar dodon koɗi. In ta mutu sai ta bar ɗakin."

"Wato shekara da shekaru kangon gidan wani muke ɗinka wa amare?"

"Haka ne."

Ta sa wuƙar dukanci ta ɓalle masa, ta zuba a tafinsa. Yatsunta sun yi ja da rinin fata. Saurayin, Lawali sunansa, ya ga yatsun, ya ga idanun, ya manta abin da zai faɗa.

Daga can ƙuryar rumfar wata murya ta ce, "Zaliha, wa ke maganar teku a rumfata?"

"Wani baƙo ne, Baba. Ya tahi."

Bai tafi ba tukuna, amma ya gane ana korarsa.

Shekarun farko ne na mulkin kai. Lawali ɗan Damagaram ne, tun yana ƙarami aka ɗauke shi makarantar kwana, daga nan zuwa can har Dakar, inda ya karanta halittun ruwa a ƙarƙashin wani tsohon farfesa. A can ya shiga kwale-kwale, ya yi amai, ya saba, ya so abin har cikin ransa. Amma gwamnati ce ta karantar da shi, kuma ya sa hannu zai yi mata aiki shekaru masu yawa duk inda ta tura shi. Ta tura shi kwalejin Tawa, inda ruwa mafi faɗi shi ne tabkin da ke ƙafewa kafin bazara. Tsarin karatun da aka gada daga Faransa bai canza ba: a shekarar nan ajinsa zai koyi dabbobin teku, kuma a kansu za a yi jarrabawa. Wanda ya tsara abin bai taɓa tambayar ko yaran Adar, yankin da Tawa take, sun san teku ba. An yi alkawarin aiko da kwalaben dabbobi daga waje. Ana nan ana jira.

Ita kuwa Zaliha ta gama firamare da sakamakon da ya isa a kai ta makarantar horon malamai. A shekarar ne uwarta ta rasu, idon Ciɗo ya fara hazo, yayyenta biyu, Ma'azu da Yunusu, suka bi ayarin samarin Adar zuwa bakin teku neman kuɗi. Sun ce za su dawo kafin shuka. An yi shuka sau da yawa tun daga lokacin. Ba su mutu ba, lafiyarsu ƙalau, wani lokaci ma sukan aiko da turmin atamfa. Zaliha ta zauna a rumfar, ita ce idon ubanta, ita ce hannunsa. Duniyarta daga gida zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa gida.

Daga wannan ciwon Ciɗo ya yanke wa kansa hukunci: ba zai ba da ɗiyarsa ga mutumin da ya taɓa ganin teku ba, don a ganinsa wanda ya gan ta ƙafarsa ba ta sake zama. Duk kasuwa ta san da maganar, kuma da yake tsoho ne mai mutunci, sai aka riƙa gyaɗa kai kamar ya faɗi wata gaskiya babba. Ba wanda ya tuna masa cewa ƴaƴan nasa biyu ba su taɓa ganin teku ba ranar da suka tafi.

A aji, Lawali ya sha wuya. Ya zana tauraron teku a allo, ya ce in hannunsa ya gutsure wani yake tohowa. Yara suka rubuta. Ya ce akwai balen, dabba mai girman soro, tana cikin ruwa amma ba kifi ba ce, nono take ba ɗanta. Suka rubuta. Ya ce ruwan teku kullum yana matsowa yana ja da baya, wata ne ke jansa. Suka rubuta, babu wanda ya ɗaga gira.

Wannan shirun ya fi damunsa. Ya tambayi Kadidiya, wadda ta fi kowa kaifi a ajin, ko ta yarda.

Ta ce, "Mushe, in dai zai fito a jarrabawa, na yarda."

Ya narka gishiri a kwano ya sa kowa ya ɗanɗana. Ya sayo busasshen kifi ya feɗe. Ya zagaya da ƴaƴan wurin da Zaliha ta ba shi. Yara suka ce ai kakanninsu na da su cike da tukunya.

Kowace Lahadi kuwa sai ya sami abin da ya lalace. Igiyar agogo, marfin jaka, takalmin da shi da kansa ya tsinke maɗaurinsa. A karo na uku Zaliha ta juya takalmin ta ce, "Wannan wuƙa ta yanke shi, Sarkin Ruwa. In kana son zuwa, zo kawai. Bari ɓata fata."

Sunan ya bi shi. Shi kuma ya sa mata Jan Yatsa, ta ce ba ta so, amma in ya kira takan waiwaya.

Ya ara mata babban littafinsa mai hotunan dabbobin teku. Littafin ya riƙa zuwa yana komawa, kullum da ƴar takarda a tsakiya.

Ta rubuta: "Sarkin Ruwa, dabbar nan mai hannu takwas, da ni ce ita da na gama ɗinkin Sallah tun jiya. Gaskiya ne tana canza launi in ta ji tsoro? Ni in na ji tsoro shiru nake yi."

Ya amsa: "Jan Yatsa, gaskiya ne. Kuma tana iya fita ta ramin da bai fi idonta ba, don ba ta da ƙashi. Yau a aji na kira wata ɗaliba da sunanki. Sun yi mini dariya har aka buga ƙararrawa."

Ta rubuta: "Ni ina da ƙashi, shi ya sa nake nan. Kada ka sake kiran sunana a aji. Ka kira shi a ranka, ya ishe ni."

Bai ɓoye mata komai ba. Tun farko ya gaya mata farfesansa ya ce akwai gurbi ɗaya a tashar binciken teku ta Dakar, kuma in ya aiko da wani aiki mai kyau kafin hukumar da ke zaɓen ta zauna a farkon damina, za a iya roƙon gwamnati ta sake shi. Zaliha ta saurara tana ɗinki.

"To mi kake yi a rumfarmu?"

"Ban sani ba. Ƙafata ke kawo ni."

"Ƙafar ce Baba ke tsoro."

Da sanyi ya wuce, Lawali ya roƙi mai masaukinsa, Malam Attaher, wani dattijo mai fataucin gishiri, ya je ya gaida Ciɗo a madadinsa. Malam Attaher ya je, ya sha fura, ya dawo.

"Ya ce kai mutumin kirki ne. Ya ce muryarka ta masu kunya ce. Ya ce a'a."

"Don me?"

"Ya tambaye ni, ka gan ta ko ba ka gan ta ba? In ce mi? Kai da ke koyar da ita safe da yamma."

Akwai kuma Sabo, mai kawo wa Ciɗo fatu, wanda gonar gidansu ke jingine da ta Ciɗo a kan tudun hanyar Barmu. Ya daɗe yana son Zaliha. Ba mugu ba ne, ba kuma mai wayo sosai ba. Abin da yake taƙama da shi ɗaya ne, bai taɓa ƙetare Adar ba, kuma yakan faɗa da ƙarfi in ya san tsohon yana ji. Ciɗo bai taɓa ce wa ɗiyarsa ta aure shi ba. Yakan dai ce, "Sabo na nan. Kullum shina nan." Sai rumfar ta ƙara ƙunci.

Cikin bazara, zafi ya hana aji zama. Wata Alhamis, ranar da ba a karatu, Lawali ya kwashi ɗalibansa suka hau tudun arewa da gari, don ya ji masu haƙar rijiya na cewa akwai duwatsu masu zane. Bai sa rai da komai ba. Yana cikin tafiya ya yi tuntuɓe da wani farin dutse mai kamar dunƙulen fura, ya ɗauka, ya goge. A bayansa akwai zanen fure mai ganye biyar.

Ya zauna a ƙasa da farin wandonsa.

"Ku zo. Ku zo ku gani. Kadidiya, mene ne wannan?"

Ta karɓa, ta juya, ta sake juyawa. Muryarta ta sauka. "Mushe, bushiyar teku ce. Wadda ke shafi na tsakiya. Mi ya kawo ta nan?"

"Nan aka haife ta. Inda kike tsaye ƙasan teku ne. Tun kafin a yi mutum, duk Adar ruwa ne, kifaye na yawo a saman kanmu."

A karo na farko a shekarar babu wanda ya rubuta. Suka watse a kan tudun suna ihu, wannan ya tsinto ɓawon wata dabbar ruwa da ya zama dutse, wancan haƙorin kifi. Can sai wani ya kira daga gefen wata gona: ga manya a nan. Manya ne kuwa. Wata katantanwa naɗaɗɗiya mai faɗin faifai, wani dutse mai kamar bayan kunkuru, wani mai jerin ƙashin baya. Kowane an kafa shi rabi a ƙasa, da tazara tsakaninsa da na gaba.

Lawali ya ce a tono su.

Mutumin da ya tashi a makarantar kwana bai taɓa riƙe hauya ba, bai tambayi kansa me ya jera duwatsu a miƙe haka ba. Yawancin ɗaliban ƴaƴan ma'aikata ne da fatake. Ƴaƴan manoman da ke cikinsu sun gane sarai, suka dubi juna, suka yi shiru, don a lokacin abin da Mushe ya ce gwamnati ce ta ce. Aka ɗora duwatsun a kan jakuna aka kai kwaleji.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a aikinsa. Yara suna zuwa tun kafin ƙararrawa. Suna gardama, suna aunawa, suna zane. Shi kuma ya ga ƙofarsa ta buɗe: irin waɗannan manyan ba kowa ya taɓa kai wa farfesa ba. Ya sa kafinta ya yi akwati, ya shimfiɗa ciyawa, ya jera su, ya kai tasha don babbar motar da ke zuwa Yamai, daga can jirgi ya wuce da su.

Ranar Lahadi ya zo rumfa da fara'arsa. Zaliha ba ta ɗaga kai ba. Ciɗo ba ya nan.

"Jan Yatsa, lafiya?"

"Sunana Zaliha."

Ta miƙa masa littafinsa. Ya buɗe tsakiya, ba takarda.

Ta ce, "Duwatsun da kunka kwaso bisa tudu, ka san ko na wa ne? Iyakar gonarmu ce. Kakan Baba ya biɗo su ɗaya ɗaya, ya zaɓi waɗanda ba su da kama da kowane dutse don kada wani shi musanya. Jiya Sabo ya je sharar gona ya tarar babu ko ɗaya. Yanzu gidansu sun ce iyaka tana can gindin aduwa, kusan rabin gonarmu ke nan. Dattawan da sunka sani sun mutu. Yayyena da sunka sani suna bakin tekunka. Baba ba shi gani."

Lawali ya ce, "Wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Kai teku kake gani ko'ina, ba ka ganin gona." Ta ja zare da ƙarfi har ya tsinke. "Ka san abin da Sabo ya ce wa Baba? Ya ce mi za a yi da iyaka in gida biyu sun zama ɗaya. Baba bai ce mini komi ba. Tun jiya bai ci tuwo ba, bai ce mini komi ba. Da ma ya yi mini tsawa."

"Zaliha…"

"An ce akwatinka na tasha. Allah shi kiyaye hanya. Ka samu abin da zai fitar da kai, ni kuma ka rufe ni da shi."

Ya fita daga kasuwar bai san inda yake sa ƙafa ba. Ya iske Malam Attaher a zaure ya faɗa masa. Dattijon ya leƙa waje ya dubi gabas, inda gajimare ya fara taruwa ƴan kwanakin nan.

"Dutsen da ya shekara ɗari a kafe yana barin gurbinsa a ƙasa. Ƙasar tudun nan tauri gare ta, guraben na nan. Amma ruwan farko in ya sauka, ya shafe su. Daga nan sai rantsuwa, kuma gidan su Sabo sun fi yawan baki."

"In na tsinto wasu na aika?"

"Ka ga irinsu a yashe ranar da kunka je?"

Bai gani ba. Ƙananan suna ko'ina, manyan kuwa kakan Ciɗo ya riga kowa. Kuma motar da za ta biyo bayan wannan ba za ta kai kafin hukumar ta zauna ba.

Masu ba da labarin nan sukan ce ko daƙiƙa bai yi ba ya yanke shawara, don soyayya. Ba haka aka yi ba. Ya je tasha ya zauna a kan akwatin nan tun azahar har la'asar ta yi sanyi, yana jin ƙanshin ruwan gishiri a hancinsa, yana tuna kwale-kwale. Yaran mota suka fara lodi, suka ce Mushe a ɗaga. Ya tashi, suka ɗora akwatin, suka ɗaure. Direba ya tada mota. Sai a lokacin ya buga ƙofar da tafin hannu ya ce a sauke masa kayansa. Direban ya zage shi da Zabarmanci, aka sauke.

Washegari ya shiga aji ya faɗa wa ɗalibai abin da suka yi, ya ce laifinsa ne. Ƴaƴan manoman suka sunkuyar da kai. Ya roƙi shugaban kwaleji ya ba shi yinin, aka nemo jakuna, aka aika wa mai garin ƙauyen da ke kusa da gonar, aka kuma aika wa gidan su Sabo. Zaliha ta rufe rumfa a ranar aiki, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ɗora ubanta a jaki ta ja akala.

Guraben suna nan, iska ta zuba musu rairayi. Yara suka durƙusa suna sharewa da hannu. Kowane dutse sai an gwada shi, a juya, a sake juyawa, har ya zauna daram a gurbin da ya fito. Inda aka yi gardama, sai a kai wa Ciɗo dutsen ya shafa.

"Wanga ƙahon rago ne. Shi ke bin kunkuru, daga yamma. Ubana ya kama hannuna ya ɗora bisa kowane ina yaro."

Kadidiya ta ce, "Baba, ba rago ba ne, wata dabbar teku ce mai…"

"Ɗiyata, a lakwal taku ce. A gonata rago ne."

Mai gari ya bi layin da sandarsa, dutse bayan dutse. Na ƙarshe ne kawai aka rasa gurbinsa, shanu sun tattake wurin. Sabo ya tsaya kai da fata cewa a nan iyakar ta lanƙwasa, mai gari ya bar masa ƴar kusurwar. Ya karɓa yana huci, ya dubi Zaliha, ya ga inda idonta yake, bai ƙara zancen gida biyu ba.

Da aka gama, Ciɗo ya ce a kira masa malamin. Lawali ya zo ya tsuguna, hannuwansa duk sun sassale.

"An ce mini duwatsun nan su ne guzurinka na komawa."

"Haka ne, Baba."

"Baɗi hwa? Ba ka biɗo wasu?"

Zaliha ta dubi Lawali. Ƙarya ɗaya ƙarama da ta wadatar.

Lawali ya ce, "Ba zan rantse maka cewa na daina marmarinta ba. Ina jin har in mutu zan yi. Amma aikin da ke kan tudun nan ya fi ƙarfin rayuwata, kuma yaran nan sun fara tambaya. Ga Zaliha. Abin da na sani ke nan."

Tsohon ya shafa ƙahon ragonsa. "Gaskiya ne teku ta kwanta a nan? Bisa gonata?"

"Gaskiya ne."

"To ka gani. Ita ma zuwa ta yi ta tahi."

"Ta tafi, Baba. Amma ta daɗe ƙwarai kafin ta tafi."

Ciɗo ya yi wata ƴar dariya ta hanci, ya ce a ɗora shi a jaki. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Kafin mako ya zagayo ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya.

Aka yi jarrabawa. Wasu suka ci, wasu suka faɗi, kamar kowace shekara. Gurbin Dakar aka ba wani. Ranar da labarin ya zo, Lawali ya rufe kansa a ɗaki yini guda. Da yamma Malam Attaher ya turo masa wata sabuwar jakar fata da aka aiko daga kasuwa, a cikinta ƴar takarda:

"Sarkin Ruwa, na ji. Ba zan ce maka ban yi murna ba, kuma ba zan ce ban yi kuka ba. Ka ci abinci. Ka dawo mini da littafin, ban gama ba. Jan Yatsarka."

Da aka ba da dogon hutu, malaman kwaleji suka cika motar farko, kowa ya nufi garinsu, kamar yadda suka saba. Lawali ya sayi hauya. A ƙasar, mai neman aure yakan tara abokansa su yi wa surukinsa gayyar noma, shi kuwa baƙo ne, ba shi da sa'o'i a Tawa. Ya je shi kaɗai ranar farko, ya sare gero ya bar ciyawa. Rana ta biyu ya tarar da ɗalibansa a gonar tun da sassafe, ƴaƴan manoman a gaba, su ne malamai yau.

"Mushe, ba haka ake riƙewa ba. Sunkuya. A'a, wannan hatsi ne, Mushe!"

Zaliha ta kawo fura da hantsi, ta tsaya tana kallon kunyar da ya nome, wadda ta karkace kamar tafiyar maciji.

"Sarkin Ruwa, in haka za ka ciyar da ni, gara in riƙe basillata."

"Riƙe ta. Ni ma ban ce zan aje alli ba."

Ta zauna a kan dutsen kunkuru, ta rage murya. "In gaya maka wani abu? Ni ma ina son in gan ta. Sau ɗaya. In tsaya gaban abin da ba shi da bango."

Ciɗo yana ƙarƙashin aduwa, an ɗauka barci yake. Idonsa ne ya mutu, kunnensa lafiya lau.

Bayan an yi girbi, an cika rumbu, ya aika a kira Malam Attaher. Baffan Lawali ya zo daga Damagaram da goro da ƴan rakiya. Aka ɗaura aure da hantsi a ƙofar gidan Ciɗo, dukawan kasuwa duk sun zo, ɗalibai sun cika titi, har Sabo ya zo ya yi addu'a ya karɓi goronsa. Ango ya kama gida a bayan na surukinsa, katanga ɗaya ta raba su, amarya kuma ta ce rumfa tana nan yadda take.

Da za a kai ta, aka kawo su gaban tsohon su yi sallama. Ya lalubo kan ɗiyarsa ya dafa, ya lalubo hannun Lawali, ya shafa kantar da hauya ta bari.

"Allah shi yi muku albarka. Allah shi ba ku haƙurin juna da zuri'a mai jin ƙai. Lawali."

"Na'am, Baba."

"In an ba ku ɗan hutun nan na bazara, ka kai ta ta ga abin nan naku. Ƙanwata za ta zauna da ni." Ya ƙara damƙe hannun Lawali. "Na saba jiran mutane. Kada ku ƙara mini sabo. Ku komo kahin shuka."

Zaliha ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka, mata suka ɗauki guɗa.

Sun je. An ce da ta tsaya a bakin ruwan sai ta cire takalmi ta shiga har gwiwa. Ranar da babbar mota ta sauke su a tashar Tawa, hadari bai ko fara haɗuwa ba. Ciɗo yana zaune a ƙofar gida ya ji takun takalmin ma'aikaci da wani taku mai sauƙi a gefensa, ya ce wa ƙanwarsa ta ƙara hatsi a turmi.